Gumbar Iya

Kusada, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙarfin jiki, ya wurin ɗinkin? Ina fatan kina bin maganar likita, ba ki fara rawar kan nan taki ta ɗaukar bokiti ba. Ya takwarar Iya, tana dai kama nono ko? Ki gaishe mani da maigidan. Mu nan lafiya lau. Mijina Kamalu yana yi maki sannu, Baffa Sada da Inna Halima ma sun ce a gaishe ki.

Na san za ki ce me ya samu wayata da zan ba Ɗanmaliki mai babur takarda ya kai maki Kankiya kamar zamanin da. Wayar lafiyarta lau. Maganar ce ba ta waya ba. Kin san katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na Iya, kuma har gobe ko tari na yi sai ta ji. Ba na so ta ji ina maganarta ƙasa-ƙasa.

Kada hankalinki ya tashi, kakar tamu ba ciwo take ba. Tana sallarta a tsaye, jiya ma ta zayyana wa Baffa iyakar gonar Yashe tun daga tsamiya har bakin rafi ba ta yi kure ba. Wani abu ne dabam, ni ma na rasa sunansa.

Ranar Talata na kai mata furarta da hantsi kamar kullum. Na iske ta bakin ƙofa tana tsintar wake. Sai na yi mata tsiyar da na saba, na ce tsohuwa mai ran ƙarfe, ga sabon gero ya shigo, in za ki mutu ki mutu yanzu mu jikoki mu ci gumba mai kyau, kada ki bari sai bazara. Yaya, ke shaida ce, wannan ita ce gaisuwata da ita tun da aka kawo ni yaye wurinta na ƙi komawa. Ita ma ta koya mani. Kin kuma san amsar. Za ta ce geron gumbarta ba a ma shuka shi ba, ta kira ni mai bakin reza, ta jefo ni da duk abin da ke hannunta. Har na kauce ina jiran jifa.

Ba ta jefo ba. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana kamar ta ga baƙuwa a tsakar gidanta. Sannan ta tambaye ni a hankali me ta yi mani. Na fashe da dariya, na zaci sabon salo ne ta fito da shi. Da ta ga ina dariya sai ta ja ƙwaryar wakenta ta shige ɗaki. Furar nan har la'asar tana inda na aje ta.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ba ranar abin ya fara ba. Kin tuna Sa'a, Bafillatanar da ke kawo mana nono daga wajen ƙauyen Ƙofa? Kwanan baya ƙaninta ya rasu. Ta dawo talla idanunta sun kumbura, murya ba ta fita, ko yaro ya gan ta ya san da magana. Iya ta zaunar da ita tana yi mata ƙorafin nono ya yi tsami, har tana tambayarta wai me ya sa yau take ta fara'a. Sai da Inna Halima ta faɗa mata a fili an yi rasuwa, sannan ta yi salati ta kama kuka.

Iya fa, Yaya. Matar da ta dube ki sau ɗaya ta ce kina da ciki tun ke ba ki sani ba. Wadda in amarya ta gaishe ta, daga yadda ta durƙusa take gane ko lafiya take zaune da mijinta. Ni ban taɓa yi mata ƙarya ta wuce ba. Yanzu ita ce take tsare Inna Halima da ido tana tambayarta fushi take ko gajiya.

Wataƙila zafin nan ne, wataƙila kuma ni ce na cika zuzuta abu. Na dai faɗa maki ne don ƙirjina ya yi sauƙi. Ki shafa mani kan jaririya.

Taki ƙanwa,
Zuhura

Kusada, ranar Laraba

Yaya Fiddausi,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ya jego, ya ɗiyata? Na ga saƙonki, na gode da turaren. Kin ce in daina yi mata wasan kawai a wuce wurin. Wallahi na daina tun ranar, bakina kamar an ɗinke. Amma abin bai wuce ba.

Ta daina shan furata. Ke kin san duk garin nan ba ta shan ta kowa sai tawa, tana cewa ta sauran mata kamar an dama ƙasa. Yanzu in na kawo sai ta ce ta ƙoshi, in na juya ta tuttule wa awaki.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, ran nan na shigo gidan Baffa yin daka don turminsu ya fi nawa zurfi. Na surfa gero na wanke, na daka ya yi laushi, ina cura shi zan jefa a tukunya. Kin san kafin a dafa fura, ba abin da ya raba kamanninta da gumba. Ina ɗagowa sai na ga Iya tsaye bakin ƙofarta ta dafa bango, tana kallon farin curin nan a hannuna. Ta tambaye ni ba zan ma jira ta mutu ba? Na saki curin ya faɗi ƙasa. Na rantse mata fura ce, na nuna mata citta da kanumfari, na nuna mata ruwan da ke tafasa. Ko kallonsu ba ta yi ba, fuskata take bincike, kuma na ga ba ta samun abin da take nema.

Da yamma ta sa aka jawo mata buhun geron gonarta, wanda Baffa ya kawo mata na bana, aka tura shi ƙarƙashin gadonta. Ta ce ba mai taɓa ko ƙwara ɗaya. Ta kai ƙarata wurin Baffa wai ina neman ranta. Shi kuma, kin san shi, ya yi dariya har da buga ƙafa, yana cewa Iya ke da jikar taki. Dariyar nan ta sa shi ma ya shiga sahu, yanzu cewa take bakinmu ɗaya.

Mun lallaɓa ta mun kai ta asibiti nan wurinku Kankiya. Ki yi haƙuri ba mu biyo ba, ta gaji ƙwarai, kuma ta ƙi zama kusa da ni a mota. Likitan ya yi mata tambayoyi, ta amsa tsaf, har da gyara mashi sunan wani ƙauye. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma mantuwa ba. Wai akwai tsofaffin da abin da ke fara raunana gare su shi ne gane nufin mutane, su ji magana sarai amma su kasa bambanta wasa da gaske, su ga fuska su kasa sanin abin da ke bayanta. Ya ce mu riƙa yi mata magana a miƙe, ba zolaya, ba habaici.

Na bi shawararsa. Washegari na durƙusa gabanta na ce mata ina sonta, ba ni da kamarta, duk abin da na taɓa faɗa wasa ne irin na jika da kaka. Yaya, kunya kamar in nutse, ban taɓa faɗa wa Iya irin wannan magana ba, ban san ma yadda ake faɗinta ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta fara lissafa mani. Ranar wata Sallah ina ƙarama, tana ɗaura mani ɗankwali, na ce in ta mutu ni zan gaji akwatinta. Ranar da ta yi zazzaɓi na leƙo na ce a jiƙa gero. Ranar aurena, ana fitar da ni ina kuka, na juyo na ce mata kada ta kuskura ta mutu ba na nan a cinye gumbar ba ni. Duk ta tuna, har da kalar zanen da ke jikina. Ta ce ashe tun ina yarinya nake faɗa mata gaskiya ita ce ba ta gane ba.

Wannan shi ne abin da ke cin raina. Maganganun suna nan a kanta ba wadda ta ɓace. Dariyar da muka yi tare a kansu ce ta fita. Ni kuma ba ni da yadda zan mayar mata da ita, in na yi murmushi ma tsorata take.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da mutanen gidan.

Ƙanwarki,
Zuhura

Kusada, ranar Litinin

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya ke da yarinya. An ce wurin ɗinkin ya ɗan yi ruwa, don Allah kada ki hau babur a kan hanyar nan saboda mu. Zuwanki ba zai canja komai ba yanzu.

Baffa ya roƙe ni in daina shiga gidan. Bai faɗa da faɗa ba, kansa a sunkuye, ya ce Iya ta rame, in ta ji takuna sai ta ƙi cin komai har yamma. Na ce to. Me zan ce? Ƙofar nan da Kamalu ya fasa a katanga lokacin aurenmu don in riƙa leƙa ta, an jingine ta da kwanon rufi.

Amma dai ba a rasa dabara ba. Na daina daka a gida, can gidan wata ƙawata bayan makarantar da nake koyarwa nake zuwa in na tashi daga aji, don kada Iya ta ji taɓarya. In na dama sai in miƙa wa Inna Halima ta saman katanga, ita kuma ta juye a ƙwaryarta ta kai mata a matsayin tata. Tana sha, Yaya. Tana shanyewa tas har ta siɗe ludayi. Inna Halima ta ce ran nan Iya ta yaba, ta ce hannun Inna ya fara kama da na Zuhura lokacin da Zuhura take ƙaunarta. Da ma Inna ba ta faɗa mani ba.

In na idar da la'asar nakan shimfiɗa tabarma jikin katangar in zauna. Ina jin motsinta. Ina jin ƙarar ƙwayoyin tazbaharta, da tarinta, da yadda take korar kaji da sunayensu. Muryar ita ce, ba abin da ya canja. Wani lokaci har bakina ya buɗe zan ce tsohuwa rage surutu, sai in tuna in kama bakin da hannu. In kuwa na yi atishawa ko na motsa kwano, sai komai ya ɗauke ta can. Ta yi tsit, ni ma in yi tsit, mu zauna haka kowa na sauraren kowa. Tana da rai, taku kaɗan tsakaninmu, amma ji nake kamar gidan da aka yi rasuwa nake maƙwabtaka da shi.

Abin har ya fara taɓa ni. A aji in yaro ya yi dariya sai in tsaya ina dubansa, ina tunanin me zai faru in wata rana na dubi fuska irin wannan na ga ba komai a cikinta. Kamalu ya zolaye ni jiya a kan miya, na tsare shi sai da ya rantse wasa yake. Ya dube ni wani iri.

Wani lokacin haushi nake ji, ba zan ɓoye maki ba. Ita ta fara. Ita ta ɗora ni kan cinyarta ta koya mani in ce mata ta mutu, tana tafa hannu in na faɗa daidai. Duk jikokin garin nan suna faɗa wa kakanninsu haka, ba wanda aka jingine wa ƙofa. Sai kuma in tuna yadda ta dafa bango tana kallon curin nan ranar, tsohuwa ita kaɗai cikin mutanen da ba ta iya gane ko sonta suke ko kashe ta za su yi, sai haushin ya koma tausayi. Ban san wanda ya fi zafi ba cikin biyun.

Ba ni da wani buri yanzu sai guda. Kada Allah ya ɗauki ran Iya tana ganin ina ƙinta. Ko minti ɗaya ne a dawo mani da ita ta zage ni, ya ishe ni.

A gaishe da maigidan. Ki ci abinci sosai.

Taki,
Zuhura

Kusada, ranar Juma'a

Yaya Fiddausi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta, ya haskaka kabarinta. Ina fatan kun isa gida lafiya ran nan, motar ba ta tayar maki da ciwon ba. Kin zo kin koma cikin taron ta'aziyya ba mu samu keɓewa ba, kin kuma yi ta dubana kina son tambaya. Ga amsar, iyakar abin da na sani.

Zazzaɓi ne ya kama ta, bai daɗe ba jikin ya yi nauyi. Ranar da za ta rasu, bayan azahar, Inna Halima ta leƙo ta katanga ta ce Iya tana kirana. Da sunana ta kira. Na ture kwanon nan na shiga ko takalmi babu.

Tana kwance ta ƙanƙance, tazbaha a hannunta. Baffa yana zaune gefe. Na durƙusa nesa kaɗan don kada in tsorata ta, na sunkuyar da kai, ban yi murmushi ba, ban yi kuka ba, don ban san wanne za ta ɗauka da wata manufa ba. Ta ce wa Baffa ya jawo buhun da ke ƙarƙashin gado. Ya jawo. Geron nan ne da ta ɓoye, ba a taɓa shi ba. Ta dube ni ta ce ga geron nan, an shuka, an girbe, sai in je in jiƙa. Ta ce kuma in zuba sukari da yawa, kada in yi mata rowa a ce gumbar Hawwa'u ba ta yi daɗi ba.

Sai gefen bakinta ya motsa. Hannunta ma ya motsa, tazbahar ta faɗo ta sauka kan gwiwata. Daga nan ba ta ƙara magana da kowa ba sai kalmar shahada, la'asar sakaliya ta cika.

Yaya, tun ranar nake juya abin nan. In ta dawo hayyacinta ne, to amsar wasanmu ta ba ni, ta ƙarasa shi yadda ya kamata, ta kuma jefe ni kamar yadda ta saba. In kuwa ba ta dawo ba, to ta gaji ne ta sallama, ta miƙa wa maƙiyiyarta abin da take ganin na daɗe ina jira, tazbahar kuma suɓucewa ta yi daga hannun mai mutuwa. Inna Halima ta rantse murmushi ne. Amma Inna tana sona, ko me ta gani haka za ta ce. Baffa ya ce shi a lokacin kansa a sunkuye yake. Ni da nake gabanta, ni da na girma ina karanta fuskar nan, na dube ta sosai ban gane ba. A lokacin na san irin duhun da ta zauna a ciki duk watannin nan.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Ni na surfa geron, ni na daka, a turmin Baffa, ban bar kowa ya karɓe ni ba. Na zuba sukari har Inna Halima ta riƙe hannuna. Sauran jikoki sun cika gidan, wata ta ɗaura zanen Iya tana dogara sanda tana kwaikwayon tafiyarta, ana wawar gumba ana dariya kamar yadda ake yi wa duk wanda ya tsufa ya bar zuriya. Ban ga laifinsu ba. Aka ware mani babban curi, aka ce na ɗiyar ɗakinta ne.

Na rasa yadda zan yi da shi. In na ci, kuma ta tafi tana zargina, na tabbatar mata da zarginta ke nan. In na ƙi ci, kuma wasa ta yi mani, to na bar ta ta yi wasanta na ƙarshe ba wanda ya amsa. Na ɗauki curin na shiga ɗakinta na saki labule. Gadon yana nan, an naɗe katifa, ɗakin yana ƙamshin man zafinta. Na zauna inda na durƙusa ranar. Na daɗe. Can na tuna ita ba ta taɓa barin tsiyata ta faɗi ƙasa ba, ko tana cikin jan tazbaha sai ta rama.

Na gutsura na ci. Na ce tsohuwa, duk cika bakin nan ashe geron naki ma duk tsakuwa ne.

Yaya, sai ga ni na kauce. Jikina ne ya yi da kansa, na karkata kai gefe na kare fuska da hannu ina jira. Na jima a haka. Ba abin da ya taho, sai hayaniyar yara daga tsakar gida.

Ga rabonki nan na ƙunsa a leda na ba Ɗanmaliki, ki ci ki sa mata albarka. Tazbahar tana wurina. In kin samu sauƙi ki zo ki kwana biyu, ki zo mani da takwararta in gan ta. Kuma don Allah in kin zo kada ki ce mani murmushi ne don kawai ki kwantar mani da hankali. Ke ma ba ki gani ba.

Allah ya bar zumunci, ya raya mana Hawwa'u ƙarama.

Ni ce ƙanwarki,
Zuhura